Kaye Daga Ƙasa Yake Farawa

A Karofan na fara kallon kokowa, a dandalin gari, bayan an gama ɗaurin gero. Ƙasarmu ta Adar fako ce mai tsakuwa. Yaron da ya tashi a kanta yakan koyi saurin ƙafa, domin ya san faɗuwa ciwo ce. Shi kuwa filin gasar Takobi rairayi ne mai laushi: ƙafa tana nutsewa, sauri ya ragu, mai nauyi da dogon numfashi ya ci riba.

A ganina, masu zaɓen ƴan kokowarmu ba su ba wannan bambanci muhimmancin da ya dace ba. Kowace jiha daga cikin takwas mutum 10 take turawa, saboda haka kowane gurbi yana da tsada. Tsohon gwani ya saba da rairayi, ɗan ƙauye kuwa baƙonsa ne. Na san wani matashin unguwarmu da ya gagari tsaransa a karkarar Buza. Ranar tantancewa ce ya fara taka rairayi, aka kayar da shi a karon farko. Bai sake shiga fili ba, yanzu yana ci-rani.

A Tawa aka fara wannan gasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin. Jihar da ta ga haihuwar gasar bai kamata ta riƙa asarar gwanayenta haka ba. A zuba rairayi a dandalin ƙauyuka, a ba matasa ko da wata ɗaya su saba, sa'an nan a tantance.