Gandu da Gayauna

A wata gona da ke gefen Achilafiya, da damina ta kankama, na tsaya ina kallon wani dattijo zaune a gindin tsamiya, ɗansa kuwa yana huɗa a gayaunar da ya yanka masa daga gandu. Kunyoyin sun ɗan karkace, dattijon ya gani sarai, amma bai ce uffan ba, sai jan carbinsa yake yi. Wannan kawaici ya jefa ni tunanin yadda amana take gangarowa a ƙasar Kazaure, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ta iske mai unguwa, wanda shi ne ya san iyakar gonar kowa. Shehu Usmanu kansa, Allah Ya jiƙansa, a 1812 ya raba al'amuran mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, ya duƙufa ga karantarwa. Wakilta wani abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen kame baki bayan an wakilta, domin nafsin ɗan Adam tana so a ce ba a yi sai da ita. A ofisoshinmu na yau, shugabannin da suka iya wannan kamewa kaɗan ne.