Ashe Burodin Safe Ne!

Jama'a, alkama ce! Shekara da shekaru Yaya tana fama a nan Potiskum, wannan ya ce taifot, wancan ya ce ulsa, Gwaggo kuwa ta rantse sammu ne. Sai da muka kai ta Kano, aka ɗebi jini, aka zura mata na'ura ta baki aka tsinko ɗan naman hanji, sannan likita ya ce cutar siliyak ce.

Wa zai haɗa waɗannan abubuwa wuri guda? Ƙarancin jini da ya ƙi jin maganin ƙarin jini. Gyambon baki, yau ya warke gobe ya dawo. Ƙuraje masu ruwa a gwiwar hannu da ta ƙafa, tana susa cikin dare har ta zubar da jini. Tafin ƙafa yana mata yam-yam, ga ciwon ƙashi, ga ɓari har sau biyu. Gudawar da ake cewa ita ce babbar alama kuwa, Yaya ba ta yi ta ba, kumburin ciki kawai.

Likitan ya zana mana a takarda. Cikin ƙaramin hanji akwai tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A alkama da sha'ir akwai sinadarin gulutin. In mai cutar ya ci, garkuwar jikinsa sai ta afka wa tsiron nan ta share su. Ka ci ka ƙoshi, jiki na yunwa. Kusan mutum 1 cikin 100 ne a duniya, kuma kada wani ya ce ciwon Turawa ne: a 1999 an gano ta a jikin fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi, mutanen hamadar Sahara, da aka gwada.

Burodi, taliya, funkasau, alkaki, gurasa, fanke, duk ta yi ban kwana da su har abada. Amma fura fa? Tuwon dawa, waina, fate-faten acca, kunun gero? Likita ya ce ta ci abinta! Na yi dariya har da hawaye, don buhunan gero da dawa ai sun cika kasuwarmu.

Mai zargin kansa, in ji likitan, kada ya daina cin alkama kafin gwaji, sakamakon zai ɓata. Yaya kuwa yanzu ko ɗanwake za ta saya sai ta tsare mai tallar: "Ke, tsakani da Allah, kun sa fulawa?"