Mai Ciwon Baifola da Zancen da Ba a Faɗa da Baki

Mu Hausawa rabin zancenmu ba da baki muke yin sa ba. Uwa ta harari yaro a gaban baƙi, ya tashi ya ba su wuri. Maigida ya ce "to, madalla" da wata irin murya, kowa ya san hira ta ƙare. Kara da kawaici da alkunya duk sun jingina ne a kan mutum ya karanci fuska da murya, ya hango abin da ke ran ɗan'uwansa.

A nan ne masu ciwon baifola da dama suke shan wahalar da ba a lura da ita. Abin da muka fi sani shi ne tashin ciwon: barci ya ƙaurace, surutu ya yi yawa, a kashe kuɗi ba lissafi, daga baya baƙin ciki ya danne mutum ya kasa tashi daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 40 a 2019. Amma ko bayan magani ya kama, hankali ya kwanta, bincike ya nuna wasunsu ba sa saurin gane yanayin fuska ko manufar mai magana kamar sauran mutane. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake yi musu shi ne na Simon Baron-Cohen na Jami'ar Kambirij: hotuna 36 na idanu kawai, a ce ka faɗi abin da mai idon yake ji. Giɓin bai kai na masu tsananin taɓin hankali ba, kuma ba kowa yake da shi ba, amma ya isa ya ɓata zumunci.

Lokacin da ciwon ya yi sama, mutum na iya kasa ganin tsoro ko ƙosawa a fuskarka, ya ci gaba da zuba. Lokacin da ya yi ƙasa kuwa, fuskar da ba ta ɗauke da komai sai ya ga kamar ƙyamarsa take yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne hukuncin da muke yankewa. Tunda an sallamo mutum daga asibiti, ai ya warke. Don haka in ya zarce da wasa a gaban surukai, sai a ce rashin tarbiyya ne, in mace ce ta janye jiki daga biki, sai a ce girman kai. Da haka ake daina gayyatarsu, kaɗaici kuma yana ƙara rura ciwon.

'Yan'uwa, ku sassauta musu habaici da zance da ido. In kun gaji, ku ce "na gaji, mu ƙarasa gobe." In ba fushi kuke yi ba, ku faɗa da baki. Ranar komawa ganin likita kuma, ko a asibitin Dawanau ne ko na Barnawa ko na Kware, kada a tsaya kan barci da shan magani kaɗai, a gaya masa yadda zama da mutane yake tafiya.