Tausa: hannu ma magani ne

A ƙasar Bader Gula, cikin Dakwaro, jahar Maraɗi, aiki ba ya ƙarewa. Da damana, noma. Da kaka, yankan hatsi da ɗaukar damma. Da rani, jan ruwa da shayar da bisashe. Daka kuwa ba ta san rani ba, ba ta san damana ba.

Duk aikin nan motsi ɗaya ne ake ta maimaitawa. Manomi yana tura hauya tun safe har azahar. Makiyayi yana tatsa, yana ɗaga wasaki, yana juye ruwa. Mace tana ɗaga taɓarya tana saukewa, ba adadi. In ta gama, ta aza jarka mai lita 25 a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan kilo 25 ne bisa wuyanta, daga rijiya har gida.

A dubi itacen bakin rijiya. Igiya ba ta kai shi ƙarfi ba. Amma yau ja, gobe ja, sai ga ta ta yi masa gurbi. Ita ma igiyar tana cinyewa. Haka jikin mutum yake. Tsoka ita ce naman da ke ja. Jijiya ita ce igiyar da ta haɗa naman da ƙashi. In ana aiki da wuri ɗaya ba hutu, tsoka ta ƙulle ta yi tauri, jijiya ta yi zafi. Ciwon ba ya zuwa rana ɗaya. Sannu yake shiga, a kafaɗa, a gwiwar hannu, a wuyan hannu, ko a ƙugu.

A wani ƙauye na ƙasar akwai wata tsohuwa. Kowa Inna yake ce mata. Ba ta da aska, ba ta da ƙaho. Kayan aikinta hannu biyu ne da ɗan man shanu cikin ƙoƙo. Wurin uwarta ta koyi tausa.

Wata rana bayan kaka, wata amarya ta zo mata. Ita kaɗai ke daka a gida mai mutum goma. Hannunta na dama ya ƙi ɗaga taɓarya. Inna ba ta taɓa ta ba tukuna, sai da ta yi tambaya.

— Ɗiyata, kin faɗi ne?

— A'a, Inna, ban faɗi ba.

— Kina jin masassara?

— A'a.

— To, wane aiki ne in kin yi shi ciwon ke tashi?

— Daka, Inna. Da matsar wanki.

Sannan ta ce ta zauna bisa tabarma, ta aza hannun bisa cinyarta.

Ga yadda Inna ke yi. Tana murza mai a tafinta har ya yi ɗumi. Ta fara da shafa, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, daga nan zuwa kafaɗa. Kullum daga ƙasa zuwa sama. In naman ya yi laushi, sai ta riƙa matsa shi da gindin tafi, kamar mai kwaɓa gari. Inda ta ji wani ƙulli mai tauri, ta aza babban yatsa ta danna a hankali. Ta tsaya nan kamar a ƙidaya ɗaya zuwa talatin, sannan ta saki. Tana yi tana kallon fuskar mai ciwo. In ya ya da fuska, ko ya riƙe numfashi, ta rage ƙarfi. Daga ƙarshe ta miƙe hannun, ta tanƙwara yatsu baya kaɗan, ta sake shafawa. Duka bai wuce minti 15 ba.

Akwai wuraren da ba ta dannawa: bisa ƙashi, tsakiyar gadon baya, maƙogwaro, hammata da bayan gwiwa. A gadon baya, naman gefe da gefe take bi. Kuma mata da yara take yi wa. Namiji babba in ya zo, ƙanensa ko ɗansa take nuna wa, shi ya yi masa.

Amarya ta ji sauƙi tun ranar. Amma Inna ta aika aka kira uwar mijin.

— Yaya, ta ce mata, hannuna ba ya daka. In yarinyar nan ta koma turmi gobe, aikin banza na yi. A ba ta kwana bakwai. A raba daka tsakanin mata. Ran da hali ya samu, a kai hatsi inji.

Maganar Inna gaskiya ce. Tausa tana sassauta nama, tana rage zafi, tana sa mutum ya yi barci. Amma sauƙinta na ɗan lokaci ne. In ba a canza yadda ake aikin ba, ciwon yana dawowa. Mai hauya ya riƙa sauya hannu. Ƙota ta yi daidai da tsawon mai ita. Mai ɗaga wasaki ko buhu ya durƙusa da gwiwa, ya jawo kayan kusa da jiki, sannan ya miƙe. Kaya mai nauyi a raba shi biyu, ko a bar wa jaki da amalanke. A tsakiyar aiki a tsaya, a miƙe jiki, a sha ruwa. Mai ciwon baya kuma kada ya kwanta kwana da kwanaki. Tafiya da aiki marar nauyi sun fi masa kwanciya.

Ba a ƙauye kaɗai aka san haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya a duniya. A watan Disamba na 2023 ta fitar da shawara kan ciwon baya wanda ya wuce wata uku. Ta sa tausa da motsa jiki cikin abubuwan da ake iya yi. Amma ta ce kada a yi amfani da ƙwayoyin nan masu ƙarfi da ke kama mutum. Tramol yana cikin irinsu.

Nan ne babbar damuwa take. Ran kasuwa, mai tallar magani yana yawo da ƙwaya a faranti, rana tana dukanta. Samari suna saye, wai don kada su ji gajiya. Wani saurayi a ƙauyen Inna haka ya yi. Rani guda yana jan ruwa, kafaɗa na ciwo, yana haɗiyar ƙwaya yana ci gaba. Ɗaya ta daina isarsa, ya koma biyu, ya koma uku. Wata safiya ya faɗi yana karkarwa a bakin rijiya. Allah ya kiyaye, baya ya faɗi. Da gaba ya yi, da sai gawa.

Tramol ba ya gyara jijiya. Rufe bakin ciwo kawai yake yi. Ciwo kuwa ɗan aike ne, ya zo ya ce a huta. Wanda ya kore shi yana ƙara ɓarna bai sani ba. Tramol yana kama mutum har ya kasa bari, yana kuma sa faɗuwa irin ta farfaɗiya. Sauran ƙwayoyin ciwon jiki ma, in an yawaita su, suna cin ciki, suna ɓata ƙoda. Ƙwaya sai wadda likita ya ba da, yadda ya ce a sha.

Abin da ya sa ake girmama Inna, ta san inda aikinta ya tsaya. Wani dare da bazara aka kawo mata yaro, wuyansa ya ƙage. Uban ya ce:

— Inna, a ɗan murza masa, kwanciya ce ya yi ba daidai ba.

Ta taɓa goshin yaron, ta ji kamar wuta. Ta ce:

— Ɗana, wannan ba nawa ba ne. Ɗaura amalanke yanzu, kada ka jira safiya.

Likita ya ce sanƙarau ne. An yi wa yaron allurai, ya tashi. Sanƙarau yana yawa lokacin rani, daga hunturu zuwa bazara, kuma yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun 2010 aka fara allurar rigakafin iri ɗaya nasa a Nijar. Amma irinsa ba ɗaya ba ne. A 2015 wani irin ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasa. Saboda haka wuya mai tauri tare da masassara da ciwon kai, ba a tsayawa tausa.

Akwai sauran waɗanda Inna ke mayarwa. Wanda ya faɗi, wurin ya kumbura ko ya karkace, ana tsoron karaya. Sabon targaɗe ba a murza shi kwana biyu na farko. A huta, a ɗaga ƙafar sama, a aza tsumma jiƙe da ruwan tulu mai sanyi. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, ba tare da faɗuwa ba, kada a taɓa ta, wataƙila jini ne ya daskare ciki. Wuri mai ƙurji ko miki ba a tausa shi. Cikin mace mai juna biyu ba a danna shi. Ciwon baya da ya zo da masassara, da zufar dare, da rama, yana iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashi, ko cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon bisashe. Ƙafa ko yatsu da suka mutu, ko fitsari da ya ƙi riƙuwa, su ma na likita ne. In ciwo ya yi sati biyu, an huta, an yi tausa, bai ragu ba, a tafi likita mafi kusa. In ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum asibitin Dakwaro ko Maraɗi.

Inna ta tsufa, yatsunta sun fara ƙagewa. Yanzu jikokinta biyu ke zama gefenta, tana riƙe hannunsu tana nuna masu. Abin ba shi da wuyar koyo, kuma ba a biyan ko dala. Kowane gida yana iya samun mutum ɗaya da ya iya. Da maraice, bayan an ci tuwo, ɗa ya tausa wa ubansa kafaɗa, ɗiya ta tausa wa uwarta baya. Manomi yana gyara ƙotar hauya kafin ruwa ya sauka. Makiyayi yana hutar da saniyar da ta yi ɗingishi. Jikin da ke riƙe da gida duka, shi ma a kula da shi haka. Lafiya uwar jiki.