Darasin Da 'Yan Makaranta Suka Raina

A makarantun sakandare na ƙasar nan da wuya a sami darasin da ya sha raini kamar ilmin tattalin gida. Da an kaɗa ƙararrawar shigarsa sai samari su sulale, wai girki da ɗinki aikin mata ne. 'Yammata masu ƙoƙari kuwa kimiyya suke hari, don ana ganin wadda lissafi ya gagara ita ake turawa can.

Wannan raini yana da asali. A zamanin Turawa 'yammata ake koya wa darasin, a makarantu irin waɗanda aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, don a shirya su zaman aure. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982, ta sa shi cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare, maza da mata. Duk da haka tsohon suna bai sake shi ba.

Abin mamaki, yaron da ke jin kunyar riƙe allura a aji, in ya shiga kasuwa maza zai tarar a kan keken ɗinki. Mai aikin babbar riga namiji ne, haka mai shayi da mai tsire da kukun otal. Da sana'ar nan suke riƙe iyali, wasu har su sauke farali.

Amma fa laifin ba na yara kaɗai ba ne. A makarantu da dama babu keke, babu murhu. Malama ta zana tukunya a allo, yara su kwafe, su haddace don jarrabawa. Wa zai yi sha'awar miyar da alli ya dafa?

Hasarar kuwa babba ce. A darasin nan ake koyon cewa kunun gero zalla ba ya gina jikin yaron da aka yaye, sai an haɗa da gyaɗa ko waken soya. A nan ake koyon tsabtace ruwan sha, da yadda albashi zai kai ƙarshen wata. Uban da ya san wannan, cefanensa ma daban ne, kuma tamowa ba ta cika samun ƙofa a gidansa ba.

Saboda haka hukumomin ilmi su sayi kayan aiki, iyaye su daina yi wa yara gori, sannan a duba ko samari za su ci gaba da sulalewa. Allah Ya sa a gyara.