Kafin mu sa wa ƙafar yaro farashi

Ya ku jama'ar Nkololoun, New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala. Rubutun nan da ɗan tsawo, amma ina roƙon iyaye, musamman masu yara 'yan ƙwallo, su daure su karanta har ƙarshe.

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro ɗan shekara takwas ko tara zai yanke mutum biyu a fili, wani ya ɗauke shi a waya, kafin magariba bidiyon ya zagaye WhatsApp da Facebook ana ta kiransa sabon Eto'o. Kocin unguwa kuma ya jera yaransa: wannan shi ne na ɗaya, wannan na biyu, wancan ba inda zai kai. Ba a jimawa sai wani mai ƙwalisa ya ɓullo ya ce yana da hanyar Turai, a kawo kuɗin gwaji, na fasfo da na biza.

Na san mafarkin nan ba daga sama ya faɗo ba. A nan New Bell Samuel Eto'o ya tashi, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Kadji, ya tafi Real Madrid tun yana matashi, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka har sau huɗu. Kadji ce ta yaye Carlos Kameni, Stéphane Mbia da Nicolas Nkoulou. Makarantar ƙwallo ta Brasseries, wadda aka kafa a 1989, ta fitar da Rigobert Song. Ƙungiyar Union Douala ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1979. Uban da ya wuni yana ciniki a kasuwar Nkololoun, ya dawo ya tarar ana cewa ɗansa zai fitar da gidan daga wahala, ba wanda zai ga laifinsa in zuciyarsa ta motsa.

Amma mu ji labarin har ƙarshensa. Shi kansa Eto'o, zuwansa Faransa na farko yana yaro bai yi nasara ba. Ba shi da takardun zama, dole ya dawo gida. Daga baya gidauniyarsa ta tura yaran Kamaru da dama zuwa makarantar Barcelona. A cikinsu akwai Jean Marie Dongou, wanda ya isa can a 2008 yana da shekara 13, yana zura ƙwallaye har jaridu suka ɗora masa sunan magajin Eto'o. Wasanni kaɗan ya buga wa babbar ƙungiyar, a 2016 ya koma Real Zaragoza, daga nan ya ci gaba a ƙananan ƙungiyoyi. Akwai kuma André Onana, mai tsaron gida, wanda ya je a 2010. Bai taɓa tsare wa babbar Barcelona raga ba, sai da ya koma Ajax a 2015 tauraruwarsa ta haska, har ya kai Inter da Manchester United. To, in ƙwararrun Barcelona, da likitocinsu da na'urorinsu, ba su iya hango makomar ɗan shekara 13 ba, ta yaya mu za mu yanke wa ɗan shekara tara hukunci a filin unguwa?

Abin da ake aunawa a wannan shekarun galibi girman jiki ne, ba baiwa ba. Yaron da aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba rukuni ɗaya ake sa su, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu. Masu bincike a ƙasashe da yawa sun lura cewa 'yan farkon shekara sun fi yawa a cikin waɗanda ake zaɓa. Wani yaron da wuri yake miƙewa, wani sai ya balaga. Wanda ya fi tsawo da gudu yau, bayan shekara biyar ana iya shan gabansa.

Sai kuma babbar cutar, rage shekaru. Da zarar an ce za a zaɓi gwanin 'yan ƙasa da shekara goma, sai ka ga ɗan sha biyu da sabuwar takardar haihuwa. Kowa ya tuna abin kunyar da ya same mu lokacin da ake shirin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta yankin tsakiyar Afirka ta farkon 2023: cikin yara 30 da aka kira, 21 suka faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi da na'urar MRI don tantance shekaru. Yaran nan ba su suka ƙirƙiro ƙaryar ba, manya ne suka koya musu ita. Ɗan da ya faɗi gaskiyar shekarunsa kuwa an danne masa haƙƙinsa.

Iyaye, ku riƙe wannan da kyau: dokar FIFA ta hana ƙungiya ɗauko yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa, sai da wasu 'yan sharuɗɗa, kamar iyayensa su ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona kanta a 2014. Don haka duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 12 wata ƙungiya a Turai in ka biya, ka yi hattara da shi. Tsohon ɗan wasanmu Jean-Claude Mbvoumin ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa saboda yaran Afirka da dillalai suka yasar a titi bayan iyayensu sun sayar da fili ko sun ci bashi. Mu dubi Vincent Aboubakar: ya zauna a Coton Sport ta Garwa har ya nuna, sai a 2010 yana da shekara 18 ya tafi Valenciennes ta Faransa, kuma shi ya ci mana ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran kansu. Wanda aka ce shi ne na ɗaya ya fara ganin boko da Islamiyya ɓata lokaci ne, ya ɗauki nauyin gida a ka tun bai san ciwon kansa ba. Ranar da gwiwa ta samu matsala, ko sa'anninsa suka kamo shi, ba ƙwallo ba karatu. Wanda aka ce ba zai kai ko'ina ba kuma ya rataye takalmi da ciwo a zuciya, wataƙila shi ne mai baiwar.

Ba cewa nake a hana yara ƙwallo ba. Su buga, su ji daɗi, su koyi haƙuri da aiki tare. Kociyoyinmu na unguwa, Allah ya saka muku, da yawanku kyauta kuke yi. Ku sa kowane yaro a wasa, ku daina jera su a gaban jama'a. Masu ɗaukar bidiyo, ku nemi izinin iyaye kafin ku yaɗa fuskar ɗan wani. Iyaye, kada ku taɓa takardar haihuwa, kada ku ba kowa fasfon ɗanku, ku tambayi lasisin duk wanda ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, ku bincika a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FECAFOOT. Sharaɗin zuwa fili kuma ya zama zuwa makaranta.

'Ya'yanmu amana ce, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah ya raya mana su, ya tsare su daga hannun mayaudara. Wanda ya ga amfanin wannan, ya tura wa ɗan'uwansa.