Za mu Damba, amma sai da muka fara rawar a ƙofar gida

Ya ku 'yan'uwa na Kafanchan, da Zonkwa, da Kachia, da mu nan Mararaban Rido, da duk inda neman abinci ya kai Bahaushe ya kafa zango. Kwana biyu kun ji ni shiru, ku yi mini afuwa. Ba ciwo na yi ba, alhamdulillahi, sai dai ciwon gwiwa, shi ma ni na jawo wa kaina, kamar yadda za ku ji.

Maganar ita ce, mu goma sha huɗu ne muka ɗaura niyyar zuwa ƙasar Ghana a watan Rabi'ul Awwal mai zuwa, in Allah Ya kai mu, don mu ga bikin Damba na Dagwamba a Tamale da Yendi. Bikin kiɗa ne da rawa da hawan dawaki, kuma kwanakinsa suna tafiya ne da Mauludi. Akwai Somo Damba, bayan kamar mako guda a yi Na Damba ta sarki, washegari a yi ta bankwana. Wanda ya san Sallar Gani ta Daura, ko Takutaha da ake hawa Dala a Kano ranar suna, ba zai ji abin baƙo a kunnensa ba.

Wanda bai san ni ba zai ce, me ya kai dattijo ɗan shekara sittin da ɗoriya tsallaka iyaka uku saboda rawa? To, a zangon Kumasi aka yanke mini cibiya. Kakana fataken goro ne, ya bi ayari daga Kano zuwa Gwanja bai dawo ba. A can aka haifi mahaifina, ya yi aure, ya gina ɗaki. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina ɗan shekara bakwai aka ɗora mu a bayan roka, mu da tabarmi da tukwane. An ce mana gida za mu, alhali mahaifina bai taɓa ganin Kano da idonsa ba. Kafanchan muka sauka, saboda akwai wani kawunmu da ke aiki a reluwe. Can na girma, yara suna kirana Ɗan Gwanja. A 1983 kuma da idona na ga 'yan Ghana suna ɗaure kaya a jakunkunan nan da har yau ake kira da sunan ƙasarsu, gwamnatin Shagari ta ce su ma su tafi. Ban yi murna ba, don na san nauyin wannan ƙunshin. Daga baya aiki a gefen matatar mai ya kawo ni Mararaban Rido, na samu fili na gina, ga ni har yau.

Abin da ya fi zama mini a rai daga yarintata a Kumasi shi ne rawar takai. Mutanen arewacin Ghana da ke zaune a zango sukan fito da rigunansu na saƙi masu faɗin gindi, su yi da'ira, kowa da ɗan sandan ƙarfe a hannu. Ka buga da na gabanka, ka juya, rigar ta buɗe kamar lema, ka buga da na bayanka. Makaɗan suna tsakiya da lunga, wadda kusan kalangunmu ce, da babbar ganga. Mahaifina yakan ce mana, ai mu ma muna da takai a ƙasar Hausa, da sandunan itace ake yi. Ni kuwa ban taɓa ganin ta Hausawan ba sai da na girma na je wani biki a ƙauyen Kano.

Da na kawo shawarar tafiyar a majalisarmu ta bayan La'asar, dariya aka fara yi. Daga baya wani direban tirela da ya sha zuwa Tamale ya ce da gaske abin kallo ne, kuma yana da abokai a zangon can da za su sauke mu. Nan take aka buɗe adashi, kowa ya riƙa zuba abin da aka yanka duk ƙarshen wata, aka naɗa wani tela ma'aji saboda an san shi da riƙon amana da kuma rowa, biyun duk suna da amfani a wannan kujera. Sau biyu muna ƙara kuɗin zubi, domin tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, lissafin da ka yi da rani ba ya kai ka damina. Ga shi kuɗin namu sai ya sauya riga sau biyu a hanya, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, kuma kowane ɗan canji sai ya ɗan lasa.

Sai maganar takardu. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza don shiga Ghana, yana iya zama har kwana 90. Amma dole ne fasfo ya kasance da rai, kuma dole ne katin rigakafin ciwon shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Da aka ce kowa ya kawo nasa, sai ga biyar daga cikinmu ba su taɓa yin fasfo ba, uku kuma nasu ya mutu tun dawowarsu daga Hajji. Ni da aka kore ni daga ƙasar haihuwata saboda rashin takarda, ni na fi kowa tsanani a kan wannan. Na ce wanda takardarsa ba ta cika ba, ko ƙanena ne, a tasha za mu bar shi.

Hanya ma sai da aka yi muhawara. Kakanninmu ta Borgu suke bi, su ratsa Nikki da Djugu da Sansanin Mango, su faɗa Yendi, sannan Salaga, watanni suna tafe da jakuna. Wasu cikinmu sun so a bi ta arewa, ta Nijar da Burkina Faso. Amma da halin tsaron da yankin ya shiga, ga kuma ficewar ƙasashen biyu tare da Mali daga ECOWAS a Janairun 2025, muka ce a'a. Ta Legas za mu bi, mu tsallaka Seme, mu wuce Kwatano da Lome, mu shiga ta Aflao, sai Accra wadda iyayenmu ke kira Ankara, sai Kumasi, sannan mu miƙe arewa. Zagaye ne mai nisa, amma na ji daɗinsa a ɓoye, don zai ba ni kwana ɗaya a unguwar da aka haife ni. Tsaraba kuwa ba a yi gardama ba: citta ta Kachia, da zuma, da kilishi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mana da hankali saƙon da masu masaukinmu suka aiko ne. Suka ce sun yi murna, kuma tun da baƙi ne daga ƙasar Hausa, za su shirya mana wani yammaci a zango mu nuna musu takai irin ta gida, su ma su nuna mana tasu. Direban ya karanta saƙon, majalisa ta yi tsit. Muka dubi juna. Cikinmu goma sha huɗu, mutum biyu ne kawai suka taɓa riƙe sandar takai, ɗayansu ma ya ce rabonsa da ita tun zamanin Gowon.

A daren nan na kasa barci ina tunani. Mu da muke zaune a wannan yanki, maƙwabtanmu ba su yar da nasu ba. Ran 1 ga Janairu Kagoro takan cika don bikin Afan, mutanen Ham suna da Tuk-Ham a Kwoi, Gbagyi masu ƙasar da na gina gida a kanta suna da kiɗansu. Mu fa? Mun riƙe harshe da addini da kasuwa, amma wasanninmu na dandali mun bar su sun mutu a hannunmu. Wani ɓangare wa'azi ne ya kashe su, wani ɓangare talabijin da waya. Amma akwai na uku da ba mu cika faɗa ba, wato tsoro. Wanda ya ga Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, ya koyi rage murya. Kowane ɓangare ya binne nasa, kowa yana da abin da yake tunawa. Mun saba da shiga gida da wuri, mu ja ƙofa.

Wannan tsoron ne ya fito fili ranar da muka fara gwaji. Mun yanko sanduna, muka taru bayan Magariba a wani kango, muka ce a yi a hankali kada a ji. Ku auna da kanku: maza goma sha biyu, kowa da sanda, a cikin duhu, a kango, a unguwar da ta sha fama da masu satar mutane. Ba a yi minti ashirin ba sai ga hasken tocila, 'yan sintiri ne. Allah Ya sa shugabansu ya san ni. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, rawa muke koyo. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya dubi sandunan, bai ce komai ba. Wallahi ban ga laifinsa ba. Da ni ne na hango wasu a haka, da na kulle gidana.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sa babbar riga na je wurin mai unguwa, na yi masa bayani tun daga Kumasi har zuwa kangon. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Malam, abin da ake yi a ɓoye shi ke ba mutane tsoro. Ku fito fili, ku yi da rana." Ya ba mu filin da yara ke buga ƙwallo, ranar Asabar bayan La'asar.

Asabar ta farko mun sha kunya. Ana juyawa hagu wasu na juyawa dama, tela ya sami sanda a yatsa, ni kuma gwiwata ta ce ba da ita ba. Makaɗinmu ɗaya ne tak, mai kalangun mahauta, kuma shi kaɗai ba ya iya riƙe mana kiɗan. Cikin 'yan kallo akwai maƙwabcina, dattijo Bajju, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya shekara da shekaru yana buga ganga a cocinsu. Shekara ashirin muna gaisawa ta kan katanga, ban taɓa shiga falonsa ba. Ya matso ya ce, "Malam, ƙafafunku ba su da laifi, uwar ganga ce babu. Bari in ɗauko tawa." Ya saurari mai kalangu na ɗan lokaci, ya sa hannu, sai ga da'ira ta daidaita. Yanzu Asabar bakwai ke nan bai fasa ba. Yara kuma, namu da nasu, sun yanko nasu sandunan suna yi a gefe, har sun fi mu iyawa.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wani malami da nake girmamawa ya same ni ya ce, "Alhaji, da girmanka? Kuɗin nan da marayu aka ba, ko aka tara wa wani ya je Umara." Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Na ce masa, Allah gafarta Malam, mun yi wa kanmu sharuɗɗa: ba wanda zai ci bashi ko ya tauye cefanen gidansa don tafiyar nan, ba za a bar salla ta wuce saboda kiɗa ba, kuma kashi ɗaya cikin goma na adashin an ware shi don marayun unguwa, ba tare da tambayar addinin uwarsu ba. Na ƙara da cewa zumunci nake nema, akwai kabarin kakana a Kumasi da ba wanda ya ziyarta tun 1969. Bai ce ya yarda ba, amma ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Wani daga cikinmu kuma ya janye da ya ji ana shawarar a tafi da maƙwabcin nawa, aka mayar masa da kuɗinsa cif, ba a yi faɗa ba. Har yanzu muna gaisawa.

Dagwamban da za mu wurinsu su ma sun san ɗacin rikicin gida. Bayan kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi a 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon sarki. Ina so in ga yadda mutanen da suka shiga irin wannan suke sake haɗuwa a fili ɗaya su yi rawa. Ina kuma so in ji Hausar zango da kunnena, in ji ko har yanzu tana nan yadda mahaifiyata ke yin ta.

Inda muke yanzu: fasfo goma sha ɗaya sun fito, na maƙwabcina na cikin waɗanda ake jira. Tela ya gama riguna tara. Uwargida ta ce ba za ta bar ni in tafi ba sai da man zafi kwalba biyu, kuma ita ma tana cikin tafiyar, ita da matar direba, don su tabbatar ba mu ba da kunya ba. Idan akwai wani dattijo a Kafanchan ko Jama'a ko Kachia da ya iya takai ta asali, musamman juyin nan na uku da muke ta rikicewa a kansa, don Allah ya zo ya gyara mana. Filin ƙwallo ne, ranar Asabar bayan La'asar, kuɗin mota a wuyanmu.

Ku sa mu a addu'a. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a nan da waɗanda ke kwance a can. In mun dawo za ku ji yadda aka kwashe. Wassalam.